Talabijin ɗin da Wanzami Ya Zaɓa

Ranar da Samiha ta haihu, Wanzam Gariba ya tsaya a tsakar gidansa na unguwar Aboabo a Tamale, gaban matan da suka shigo barka, ya ce jikansa na fari ba zai buɗe ido a kan tsohon akwatin talabijin mai ƙusumbi ba. Sabo zai saya wa mai jego, irin shafaffen nan da ake maƙalawa a bango. Kuma sai an maƙala shi kafin suna, don duk matar da ta shiga ganin jariri ta fito da labari a baki. Mata suka rangaɗa guɗa. Mutawakil, ɗansa, uban jaririn, ya so ya ce akwai abubuwan da suka fi talabijin amfani a ɗakin mai jego, amma ba a katse dattijo yana tsakiyar alfahari. Ya haɗiye maganarsa.

Haɗiye magana ba halin Mutawakil ba ne. Malamin makaranta ne, kuma a majalisar samarin unguwa shi ne mai kumfar baki. In kwata ta toshe aka ce sai gwamnati, shi zai miƙe. In yaro ya mutu da zazzaɓi aka ce kwana ne ya ƙare, shi zai tambaya ina gidan sauron da aka raba, wa ya yi shingen lambu da shi. "Komai muka lalata da hannunmu sai mu jingina wa Allah," haka yake cewa. Samari suna kiransa Ticha, har sunan ya bi shi gida.

A unguwar Vittin yake haya da matarsa. Haihuwa ce ta dawo da su gidan tsohonsa, don Mma Abibatu, mahaifiyarsa, ta yi wa surukarta wankan jego, a kuma yi suna a inda aka yi nasa. Wanda zai yi wa yaron aski da kaciya ran Asabar kuwa ba abin tambaya ba ne. Gariba wanzami ne ɗan wanzami. Kakansa ya shigo ƙasar nan da zabira a kafaɗa, cikin ayarin fataken goro. A Tamale ranar suna ake yi wa ɗa namiji kaciya, kuma rabin mazan Aboabo ta ƙarƙashin askar Gariba suka wuce. Duk tsaurin ra'ayin Mutawakil, wannan abu ɗaya bai taɓa damunsa ba. Har alfahari yake yi da shi a ransa.

Da hantsi ya ɗauki tsohon a bayan babur suka nufi kasuwa. Gariba ya sayar da nasa babur ɗin tun bara, ya ce gwiwa ce ta hana shi. Yau ya damƙi kafaɗun ɗansa da hannu biyu, kuma duk wanda ya gaishe shi a hanya sai ya jira mutum ya gama magana kafin ya ambaci sunansa.

Shagon Saaka yana bakin titin kasuwa, tsakanin mai sayar da firji da mai gyaran waya. Saaka Badagombe ne mai tumbi da fara'a, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji a magana. Yana hango su ya fito ya durƙusa.

"Mba Wanzam! Yau rana ya fito mini. Barka da samun jika."

"Barka kadai, Saaka. Tibi na zo saya, na bango. Kada ka nuna mini na yara."

Gariba ya ɗaga ƙafa a bakin ƙofa kamar zai hau matakala, alhali babu matakala a wurin. Ƙafar ta sauka da ƙarfi, ya yi tangal-tangal. Saaka ya riga ya tare gwiwar hannunsa, yana ci gaba da surutu kamar ba abin da ya faru. Mutawakil ya ce a ransa, gwiwar nan ta yi tsanani.

Bangon shagon gaba ɗaya talabijin ne, manya da ƙanana, duk suna nuna wasan ƙwallo guda. Ɗan wasa ɗaya in ya faɗi, sai ya faɗi a ko'ina. Saaka ya shiga bayani. Na hannun dama sababbi ne a kwali, da takardar garanti. Na hagu hom-yus ne, waɗanda Turawa suka gama amfani da su aka loda mana a jirgin ruwa. Mutawakil ya zo da shirinsa, don ya yi bincike a waya. Ya tambayi wanne ne ba ya shan wuta, wanne ne ke jure ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, wane girma ya dace da ɗaki ƙarami.

"Ticha, ya isa," in ji Gariba. "Tibi ba littafi ba ne, ido ake sa masa. Ni na fara shigo da tibi layinmu, fari da baƙi, tun uwarka tana amarya. Har kan katanga mutane ke hawa. Kai za ka koya mini?"

"A'a, Baaba."

Tsohon ya matsa ga na farko. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, sannan ya karkata kai gefe, kamar kaza tana duban tsaba.

"Wannan ya yi duhu."

"Gaskiya ne, Mba," in ji Saaka. "Ɗan Chana ne."

Ba duhu ko kaɗan. Har ciyawar filin ana iya ƙirgawa. Mutawakil ya ɗauka salon ciniki ne, a kushe kaya don farashi ya sauko, ya yi murmushi ya ƙyale.

Na biyu ya fi girma. Gariba ya ce kamar an shafa masa man kaɗanya. Na uku ya ce hayaƙi ne a ciki. Saaka yana biye da shi da rimot a hannu, yana ƙara haske a ɓoye har ciyawar ta koma fara, fuskokin 'yan wasa suka wanke. Kowanne tsohon ya kushe, Saaka ya ce gaskiya ne. Sun bi bangon dama kaf, sun shiga na hagu. Murmushin Mutawakil ya fara bushewa, domin ba a yi maganar farashi ba ko sau ɗaya, kuma ya lura tsohon yana tafiya da yatsunsa a gefen kanta, ba ya sakewa sai ya kama wani abu.

A can ƙarshe, a ƙasa, jingine da bango, akwai wani hom-yus babba. Ya bugu a hanya, ya fashe daga ciki. Baƙin tabo kamar an kifar da tawada ya cinye kusurwar sama har kusan tsakiya, wasu layuka kore da ja suka tsaga sauran. Saaka ya ajiye shi ne don masu gyara su cire abin da za su cira, ya bar shi a kunne saboda lasifikarsa ta fi ta kowanne ƙara. Abin da ya rage na fuskarsa fari ne fat, mai kashe ido.

Gariba ya tsuguna a gabansa. Fuskarsa ta saki.

"Yawwa. Saaka, ashe ɓoye mai kyaun ka yi? Ga tibi."

Mutawakil ya yi dariya. Ba wanda ya taya shi.

Tsohon ya ɗora babban yatsansa a gilashin, ya shafa daga wannan kusurwa zuwa waccan, a hankali, yadda yake gwada kaifin aska. Yatsan ya bi ta kan baƙin tabon, ya bi ta kan tsagar, bai tsaya ba. Fashewar a ciki take, saman sumul yake.

"Ko ƙwarzane babu," in ji shi. "Ka ji kuma murya. Wannan za a kai wa mai jego."

"Baaba," in ji Mutawakil, muryarsa ta canza masa, "masu jar riga ne ke cin wasan ko masu fara?"

"Kallon ƙwallo ka zo yi ko sayen tibi?"

Babu mai jar riga a filin. Mutawakil ya buɗe baki, sai ya ji an take masa ƙafa. Saaka ne.

"Mba ya iya zaɓe! Wannan na nuni ne, ya sha ƙura. Akwai ɗan'uwansa a kwali, uwa ɗaya uba ɗaya. Zauna nan ka sha ruwa. Ticha, zo ka kama mini."

Ya zaunar da tsohon a benci, ya sa masa ledar ruwa a tafin hannu, ya ja Mutawakil bayan shago inda kwalaye suka kai rufi.

"Tun yaushe?" in ji Mutawakil.

"Ni kake tambaya? Ni na ɗauka ka sani. Aboabo duka ya sani, Ticha. Ya fi shekara. Haske yake gani, da inuwa."

"Kuma yana aiki?"

"Yana yi mana. Hannunsa ya san hanya."

"Hannunsa bai ji fashewar tibi ba!"

"Yi a hankali, zai ji ka." Saaka ya share gumi da gefen riga. "Yarona na ƙarshe, daminar da ya wuce, shi ya yi masa. Aska ya ɗan zarce. Jini ya ƙi tsayawa, muka kai asibiti, aka ɗinke. Likita ya yi ta faɗa, wai mu faɗi sunan wanzami. Muka ce baƙo ne, ya wuce. Yaro yana nan lafiya. Fitsari ne dai yake fita ta gefe. Sun ce in ya girma a koma."

Mutawakil ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Ɗanka, Saaka. Ɗan cikinka. Kuma yau ka durƙusa ka ce rana ta fito maka?"

"To in ce me? Mutumin da ya yi mini, ya yi wa ƙannena, ya yi wa tsohona ƙaho har ya mutu bai karɓi sisi ba? In kai shi ga 'yan sanda? Allah ne ke tsare yaro, ba ido ba."

"Wannan maganar ce ta kashe mu! Kowa ya gani, kowa ya kau da kai, ana miƙa jarirai ɗaya bayan ɗaya, sai an yanke wa wani..."

"To ga ka nan," in ji Saaka, ba tare da fushi ba. "Kai ne mai ilimi, kuma ubanka ne. Ga shi can a benci. Je ka gaya masa."

Mutawakil ya leƙa ta tsakanin kwalaye. Tsohon yana zaune a miƙe, hularsa a daidai, ya fuskanci fasasshen talabijin ɗin yana gyaɗa kai, kamar mutumin da ya yi wa iyalinsa abin kirki. Wani mai wucewa ya tsaya ya cire takalmi ya gaishe shi.

"Wanne za a ɗaure?" in ji Saaka.

Mutawakil ya nuna kwalin da ya fi kusa da shi. Bai duba girma ba, bai tambayi garanti ba.

Kafin la'asar an huda bangon ɗakin Samiha an maƙala shi. Mata suka cika ɗakin suna taɓa baki. Aka kira Gariba, ya shafa gefensa, ya ce ai shi ya zaɓa da kansa, Ticha yana can yana karanta waya.

Mutawakil ya sami mahaifiyarsa a bayan gida, tana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwan wanka, ganyen darbejiya yana tafasa.

"Mma, Baaba ba ya gani."

Ba ta juyo ba. Ta gyara itace.

"Rufe bakinka, akwai baƙi a gida."

"Kin sani ke nan."

"Wa ke ajiye masa buta a wuri ɗaya? Wa ke jera masa asake a zabira yadda zai lalubo? Da kana zuwa gida sosai, da ka sani kai ma."

"Me ya hana a kai shi asibiti?"

"Na ce masa. Ya ce ranar da aka ga wanzami a layin likitan ido, wa zai ƙara miƙa masa ɗa? Ka san ubanka. Ba gona gare shi ba, ba shago. Askar nan ita ce shi. In ka karɓe ta, sai dai ka haɗa masa da likkafani."

"Jikanki ne za a miƙa masa ran Asabar."

Ta ƙara tura itace cikin wuta.

"Hannunsa mai albarka ne," ta ce, amma ba da ƙarfi ba.

"Ɗan Saaka fa?"

"Wannan ƙaddara ce."

Haka muke. Mun iya rufa wa babba asiri, ko da zanen jariri za a cire a rufa masa. Mutawakil ya san wannan, ya sha faɗarsa a majalisa da kalmomi masu zafi. Ya bar bayan gida ya nufi zaure da niyyar yau za a yi ta ta ƙare.

Gariba yana zaune a kan buzu, ya ɗaure fata a babban yatsan ƙafa yana wasa aska. Sautin yana tashi a hankali, sama da ƙasa.

"Ticha ne? Zauna. Ka san wannan?" Ya ɗaga askar. "Da ita tsohona ya yi mini, da ita na yi maka. Ko kukan kirki ba ka yi ba. Na ajiye ta, ban ƙara taɓa kowa da ita ba, ina jiran ɗanka."

"Baaba, yanzu a asibiti ma suna yi. Suna da wata dabara ta zobe..."

Sautin ya tsaya.

"Ka fara ke nan. Jikan wanzami a hannun likita? A yi mana dariya daga nan har unguwar Gurugu?" Ya juyo da fuska, idanunsa a buɗe, suna kallon gefen kunnen ɗansa. "Ko kana ganin wani abu ya same ni ne? In akwai magana, faɗe ta."

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Mutawakil ya dubi hannun da ya riƙe shi ranar da aka fara kai shi makaranta, ya dubi furfurar da ke rawa kaɗan a haɓar tsohon. Ya gane tsohon ya san amsar, tsoron jin ta yake yi.

"Babu komai, Baaba."

"To madalla." Sautin ya ci gaba.

Samiha ce Mutawakil ya gaya wa. Tana shayar da yaron, ta saurara har ya gama, sannan ta ƙanƙame jaririn har ya saki nono ya tsala kuka.

"Ba zan ba da shi ba," ta ce. "Wallahi ko za a kore ni daga gidan nan. Ka je ka gaya masa."

"Na gwada."

"Kai? Kai da ba ka barin kowa ya yi barci a kan kwata?"

Abin da ya kawo mata wata dabara ce. Jariri ba ya fita kafin suna, amma in likita ya kira ba a musu. Ran Juma'a, maza na masallaci, ya ce wa Mma an ce a kawo yaro a duba cibiya. Ya tsayar da keke mai ƙafa uku, suka tafi wani ƙaramin asibiti a hanyar Vittin inda ba wanda ya san su. Wata nas ce ta yi, mace mai tabarau, ba ta ko ɗaga kai ba da ta tambayi me ya sa ba su jira ranar suna ba. Ta sa ɗan zoben roba, ta ɗaure, ta ce zai faɗi da kansa. Mutawakil ya rasa sallar Juma'a, ya dawo da ɗansa lafiya.

Da yamma Mma Abibatu ta kwance yaron za ta yi masa wanka. Ta gani. Ta tsaya da soso a hannu, sannan ta ci gaba da wankan, tana kaucewa wurin da kyau. Mutawakil ya ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu. Amma da ta ɗago, fuskarta a ɗaure take.

"Kai ka yi, kai za ka gaya masa. Kafin gobe."

"Zan gaya masa."

Bai gaya masa ba.

Asabar da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malamai suka zauna, aka raba goro da dabino, liman ya raɗa suna: Abdul-Hafiz. Aka shafa fatiha, aka yanka rago, makaɗan Dagomba suka iso da kalangunansu suna kirarin zuriyar wanzamai. Daga nan aka koma tsakar gida don aikin Gariba. Ya saka babbar rigarsa ta saƙi, ya zauna a kan buzu, ya buɗe zabira. Mata suka kewaye, dattawa suka tsaya a bakin zaure. Mma Abibatu ta fito da yaron ta zauna gabansa, ta riƙe shi a cinya. Samiha tana bakin ƙofar ɗaki, ta cusa gefen mayafi a baki.

Sai a lokacin Mutawakil ya tuna da aski. Duk dabararsa a kan kaciya ta tsaya. Ya manta aska za ta bi kan yaron tukuna, ta bi ta maɗiga, inda fata kaɗai ta raba ƙwaƙwalwa da duniya, inda ake ganin bugun jini.

Gariba ya jiƙa gashin da ruwan sabulu. Yatsun hagu suna gaba suna lalube, aska tana biye. Ya yi bismillah ya fara daga goshi. Aska ta hau, ta iso maɗiga, ta yi sauƙi kamar gashin tsuntsu, ta wuce. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, hannu!" A bayan kunne ne, inda fata ta naɗe, yaron ya zabura ya tsala ihu. Jan layi ya fito, ya gangara wuya. Gariba bai tsaya ba, don bai gani ba. Mma Abibatu ta danne wurin da gefen zaninta, ta ɓoye a ƙarƙashin yatsa. Matan da ke kusa duk sun gani. Ɗaya ta ce yaro mai ƙarfin murya, sauran suka yi dariya.

Ya ajiye askar aski, ya lalubo tsohuwar nan da ya wasa, ya sumbaci ƙotarta. Ya sa hannu ya kwance zanen yaron. Yatsunsa suka sauka, suka taɓa roba.

Suka tsaya a wurin. Suka zagaya zoben sau ɗaya, a hankali. Tsakar gidan ta yi tsit, sai kukan yaron da kiɗan da ke waje.

"Ticha."

"Na'am, Baaba." Ya durƙusa kusa da shi.

"An riga ni."

"I, Baaba."

"Wa?"

"A asibiti ne."

"Namiji ko mace?"

Mutawakil ya sunkuyar da kai. "Mace."

Wani dattijo a bakin zaure ya yi salati. Gariba ya mayar da zanen ya rufe jikansa, ya gyara shi da kyau har ƙafa.

"Me na yi maka?" ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. "Gaya mini gaban mutane. Me ka gani a wurina da ka kai jinina ga wata mace ta yanka?"

Ga dattawan unguwa, ga liman, ga matan da za su haifi 'ya'yan baɗi. Saaka ma yana nan a bayan mutane da goro a kunci. Duk sun san amsar, duk suna kallon ƙasa. Magana ɗaya ce, gajeriya, kuma da an faɗe ta a nan ba za ta ƙara ɓoyuwa ba.

"Samiha ce ta tsorata, Baaba," ya ce. "Ka san haihuwar fari. Ta yi ta kuka, na rasa yadda zan yi. Ka yi haƙuri."

Ajiyar zuciya ta zagaya tsakar gidan. Mata suka juya ga ƙofar ɗaki. "'Yan matan yanzu," in ji wata. "Boko," in ji wata. Samiha ta cire mayafin daga baki, ta dubi mijinta, dubawa mai tsawo. Ta zo ta ɗauki ɗanta daga cinyar Mma, ta shiga ɗaki ta saki labule.

"Mace ta fi ƙarfinka a gidanka," in ji Gariba. Muryarsa ta dawo daidai, har da ɗan sauƙi a ciki. "Allah ya shirya." Dattawa suka matso suna ba shi haƙuri, suna cewa yaran zamani sai addu'a, wanzami irinsa ba a sake yi ba.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure. Wani saurayi ne ya shigo da sabuwar shadda, hular kwano a hannu, fuskarsa kamar an ba shi duniya. Ya durƙusa ya ce sunansa Saani, daga Gurugu. Shi ma yau ake sunan ɗansa, na fari, malamai sun gama, Baba Wanzam kaɗai ake jira. Tsohonsa ya ce ba wanda zai taɓa yaron sai wanda ya yi wa ubansa.

"Ka ji 'ya'yan albarka," in ji Gariba, ya miƙe. Ya naɗe tsohuwar askar a tsumma ya jefa a zabira. "Tunda na wasa ta, ba za ta koma da ƙishi ba. Mu je."

Saani ya kama hannunsa har bakin titi, ya taimaka masa ya hau bayan babur. Tsohon ya damƙi kafaɗunsa, sannan ya tuna, ya miƙa hannu ɗaya baya, cikin iska.

"Ticha. Zabirata."

Tana kan buzu inda ya bar ta. Mutawakil ya koma ya ɗauko. Fatar ta yi laushi don tsufa, ƙarafan ciki suna ƙara kaɗan-kaɗan yana tafiya. Ya iso bakin titi. Saani ya yi masa murmushi, ya ce, "Barkanmu, Ticha. Ashe rana ɗaya muka zama iyaye."

"Barkanmu," in ji Mutawakil.

Ya rataya wa mahaifinsa zabirar a kafaɗa, ya gyara masa igiyar don kada ta zame a hanya.